Ƙwayar albendazol a kemis-kemis na Zariya: tsutsar da take kashewa da wadda ba ta taɓawa

Daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, daga Samaru zuwa cikin birni, da wuya ka shiga kemis ka nemi maganin tsutsar ciki ba a miƙo maka ɗan kwali mai ƙwaya ɗaya tal a ciki ba. A jikinsa an rubuta Albendazole 400mg. Wani kwalin yana ɗauke da sunan Zentel, wato na asali, mallakar kamfanin GSK. Sauran na kamfanoni ne daban-daban, na Indiya da na nan gida, sunaye barkatai amma sinadarin ɗaya. Wannan ƙwayar muke so mu auna a nan, kuma ra'ayinmu a kanta a fili yake tun farko: magani ne nagari, mai araha, mai sauƙin sha, wanda ya kamata kowane gida mai yara ya san yadda ake amfani da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake sayar da ita. Duk wanda ya ambaci tsutsa ita ake miƙa masa, alhali tsutsotsin da ke damun mutanen ƙasar Zazzau iri-iri ne, kuma akwai waɗanda ko gezau ba sa yi idan an sha ta.

Mu fara da awo, domin a nan ake yawan kuskure. Babba da yaron da ya cika shekara 2 duk awonsu ɗaya ne: ƙwaya guda mai miligiram 400, sau ɗaya. Iyaye da yawa wannan yana ɗaure musu kai, har su raba wa yaro ɗan shekara biyar ƙwayar biyu don tsoron kada ta yi masa ƙarfi. Ba sai an raba ba. Kaɗan ne daga cikin maganin yake shiga jini, mafi yawansa a cikin hanji yake zama, inda tsutsar take, shi ya sa nauyin mai sha bai cika canza awon ba. Wanda ake ba rabi, miligiram 200, shi ne yaron da ya cika shekara ɗaya amma bai kai biyu ba. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi, sai in likita ne ya duba shi ya ce a ba shi.

Ƙwayar ta taunawa ce, an sa mata ɗan zaƙi da ƙamshi, ko da yake na wasu kamfanonin tana barin gari-gari a baki. Babba zai iya haɗiye ta da ruwa. Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, a sa ta tsakanin cokali biyu a murƙushe, a dama da ɗan ruwa, a zaunar da shi a miƙe a ba shi a hankali. Kada a toshe masa hanci, kada a ɗura masa yana kuka. Ƙwayar babba ce ga maƙogwaron ƙaramin yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan wannan saboda an samu yaran da ta shaƙe. In ya ƙi, a bar shi ya huce a sake gwadawa. Tsutsar ba gudu za ta yi ba kafin la'asar.

Akwai kuma na ruwa, cikin 'yar kwalba. A nan sai an karanta rubutun, don wata kwalbar mililita 10 ce, wata 20, amma yawanci miligiram 400 ɗin ne a cikin kowacce. A girgiza sosai, saboda maganin yana kwantawa a ƙasa. Yaro mai shekara 2 zuwa sama ya shanye kwalbar duka a zama ɗaya, ɗan shekara ɗaya ya sha rabi. Abin da ke ɓata aikin shi ne a ɗauke shi kamar maganin zazzaɓi na ruwa, cokali ɗaya da safe cokali ɗaya da dare har kwana uku. Wannan raba awo ne, kuma kowane kashi bai isa ya yi abin da ake so ba.

Babu buƙatar azumi kafin a sha, babu buƙatar maganin wankin ciki bayan an sha, babu kuma buƙatar lasar sukari wai don a jawo tsutsar ta buɗe baki. Abinci mai maiƙo yana ƙara yawan maganin da ke shiga jini har ninki da dama, amma wannan ya shafi masu shan sa kwanaki da yawa ne don tsutsar da ta shiga tsoka ko hanta ko ƙwaƙwalwa, a ƙarƙashin kulawar likita. Ga tsutsar hanji, a sha da abinci ko ba abinci, duk ɗaya.

Inda ƙwayar ta fi nuna bajinta shi ne a kan macijin ciki, doguwar tsutsar nan da a takardar gwaji ake rubutawa Ascaris. Macen takan kai santimita 35, kuma tana zuba ƙwai kusan 200,000 a kowace rana. Ƙwayayen suna fita cikin bayan gida, su yi mako biyu zuwa uku a ƙasa mai laima kafin su nuna, daga nan kuma suna iya yin shekaru suna jiran hannun yaro ko ganyen latas da ba a wanke da kyau ba. Idan an haɗiye su sai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su huda hanji su bi jini zuwa huhu, su hauro maƙogwaro a sake haɗiye su. Shi ya sa wani yaron yake fara tari da shessheƙa makonni kafin a ga wata alama a ciki. A kan wannan tsutsa, ƙwaya ɗaya ta albendazol tana warkar da kimanin mutum tara cikin goma. Da kuɗin da ake sayar da ita, babu abin kushewa a nan.

Sai dai akwai ƙorafin da masu saye ke yawan komawa da shi kemis: "Na ba shi, ban ga komai ya fito ba, maganin nan jabu ne." Ba lallai ba ne. Albendazol ba ya koro tsutsa da rai. Yana lalata mata hanyar da take tsotsar sukari ne daga abincin da ke hanji, sai ƙarfinta ya ƙare a hankali ta mutu cikin 'yan kwanaki. Da yawa suna narkewa su fita ba a gane su ba, wasu kuma tun asali ƙanana ne da ido ba ya kama su a cikin bayan gida. Tsoffin magunguna irin su fiferazin su ne suka saba wa mutane da ganin tsutsa tana fitowa tana motsi, don su sumar da ita suke yi. Rashin ganin tsutsa ba dalili ba ne na a ƙara wata ƙwayar washegari.

Wuri na biyu da ta ciri tuta shi ne tsutsa mai ƙugiya, wadda ke shiga ta fatar ƙafa idan an taka ƙasa mai laima da aka yi bayan gida a kai. Manoman fadama, masu aikin lambu a gefen kogunan Galma da Kubanni, yaran da ke yawo ba takalmi da damina, almajirai, su ne ta fi kamawa. Tsawonta kusan santimita ɗaya ne kacal, amma tana maƙale wa bangon hanji tana shan jini. Iri ɗaya yana jawo asarar kusan mililita 0.03 na jini a rana, ɗaya irin kuma ya kai 0.15 zuwa 0.2. Adadin kamar ba komai ba, amma a lissafa tsutsa ɗari biyu ko ɗari uku, kullum, shekara da shekaru, a jikin mace mai haihuwa ko yaron da abincinsa tuwo ne da miyar kuka. Abin da za a gani shi ne tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, gajiya, haki, jiri, wani lokacin da kwaɗayin cin ƙasa. Ƙwaya ɗaya ta albendazol tana warkar da bakwai zuwa takwas cikin goma na masu wannan tsutsa, yayin da ƙwaya ɗaya ta mebendazol, wani maganin tsutsar, ko rabin haka ba ta kaiwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za mu fifita albendazol ga mutumin karkara. Amma kashe tsutsar ba ya dawo da jinin da ya tafi. Dole a bi da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, yawanci har wata uku, tare da zogale, alayyahu, wake, hanta da nama gwargwadon hali. Wanda aka ba albendazol kaɗai aka sallame shi zai yi wata biyu yana jin kasalar nan, ya ce maganin bai yi ba.

Daga nan ƙarfinta ya fara raguwa. Akwai tsutsa mai siffar bulala da ke zama a babban hanji, wadda takardar gwaji ke kira Trichuris. Ƙwaya ɗaya ba ta warkar da fiye da kusan uku cikin goma na masu ita. In gwaji ya nuna ta, ana shan ƙwaya ɗaya kullum har kwana uku, ko mebendazol miligiram 100 safe da yamma kwana uku, wani lokacin likita ya haɗa da aibamektin. Sai kuma ƙananan fararen tsutsotsin nan da ke sa yaro sosa dubura da dare har barci ya gagare shi. Su albendazol yana kashe su, amma ba ya kashe ƙwansu, kuma ƙwan yana nan a farce, a wando, a zanin gado. Ƙa'idar ita ce a sha yau, a sake sha bayan mako biyu, kuma duk 'yan ɗakin su sha tare. A yanke farce, a yi wa yaro wanka da sassafe, a wanke shimfiɗa a shanya a rana. Wanda ya ba yaro ɗaya ƙwaya ɗaya ya tsaya, zai dawo kemis kafin wata ya zagayo.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Yaro yana fitsarin jini, an ce tsutsa ce, an je kemis an sayo albendazol. Tsargiya tsutsa ce, gaskiya ne, amma albendazol ba ya yi mata komai. Ko kwali goma aka sha, tana nan daram. Ita ba a cikin hanji take ba, a cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara take zaune. Ana kamuwa da ita ne a ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali: kududdufi, bakin dam, magudanar noman rani, inda ƙananan dodon koɗi ke rayuwa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, bayan makonni dubban 'ya'yan tsutsa su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka, wanki, su, ko ban ruwa. Ba sai an sha ruwan ba. Zariya kuwa gari ne mai kududdufai a cikin unguwanni, ga Kubanni, ga Galma, ga madatsun ruwa, kuma duk wanda ya san zafin watan Maris da Afrilu ya san inda yara maza ke yini. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta.

Alamarta da aka fi sani ita ce jini a ƙarshen fitsari, ɗigo biyu ko uku na ƙarshe. Wasu iyayen suna ɗauka zafin rana ne, wasu su ce alamar balaga ce, zai wuce. Jinin yana iya ɗaukewa, amma ƙwayayen da suka maƙale a bangon mafitsara suna ci gaba da yin tabo, su toshe hanyar da fitsari ke saukowa daga ƙoda, kuma bayan shekaru suna iya kai mutum ga kansar mafitsara. A jikin mata cutar takan shafi al'aura da bakin mahaifa, ta zo da ƙaiƙayi, fitar ruwa, ciwon mara da zubar jini bayan saduwa. Sau da yawa sai a yi ta maganin sanyi shekara da shekaru, ba wanda ya tambayi matar ko tana wanki a rafi. Akwai kuma irin da ke kama hanji da hanta, mai zuwa da jini a bayan gida da kumburin saifa.

Maganinta firazikwantel ne. A kwali an rubuta Praziquantel 600mg, sunan kasuwa da aka fi sani Biltricide. Shi da nauyi ake auna shi: miligiram 40 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 30 zai sha miligiram 1,200, ƙwaya biyu ke nan. Mai kilo 45 ƙwaya uku, mai kilo 60 ƙwaya huɗu, duka a rana ɗaya. Kemis ɗin da ba shi da sikeli bai kamata ya yi kintace ba, kuma wannan shi ne gibin da muka fi gani: ana sayar da ƙwaya ɗaya ga babban mutum saboda an saba da tsarin albendazol, ya sha rubu'in abin da yake buƙata. A makarantu, inda ma'aikatar lafiya ta jiha tare da ƙungiyoyi irin su Sightsavers ke raba maganin kyauta, ana amfani da sandar awon tsayi a maimakon sikeli. Yaro ya tsaya ba takalmi a jikin sandar: daga santimita 94 zuwa 109 ƙwaya ɗaya, 110 zuwa 124 ɗaya da rabi, 125 zuwa 137 biyu, 138 zuwa 149 biyu da rabi, 150 zuwa 159 uku, 160 zuwa 177 huɗu, daga 178 zuwa sama biyar. Muna roƙon iyaye kada su hana yara karɓa idan an zo rabon. Maganin ingantacce ne, kamfanin Merck na Jamus ke bayar da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da kawai za a kiyaye shi ne a ci abinci a ƙoshi kafin a sha. Firazikwantel yana da ɗaci ƙwarai, haɗiye shi ake yi da ruwa ba taunawa ba, kuma a cikin da babu komai yana sa jiri, murɗawar ciki da amai. Yawancin labaran da ake yaɗawa cewa maganin makaranta ya kwantar da yara daga nan suke: yaro ya fito ba karin kumallo, an ba shi ƙwaya uku da hantsi. Ranar rabo a tabbatar ya ci tuwo ko ɗumame ko ƙosai da koko mai kauri. Babba kuma kada ya hau babur ko ya tuƙa mota a ranar, don yana sa barci. Mai shan maganin tarin fuka, ko a asibitin tarin fuka na Saye yake karɓa ko a wani asibitin, ya faɗa wa likita tukuna, domin rifamfisin yana karya ƙarfin firazikwantel har ya zama kamar ba a sha ba. Wasu magungunan farfaɗiya ma suna rage masa ƙarfi. Kuma maganin ya fi kama tsutsar da ta girma, ba ya cika kashe wadda ta shiga jiki makonni kaɗan da suka wuce, shi ya sa likita kan ce a maimaita bayan wasu makonni ga wanda bai daɗe da shiga ruwa ba.

Tsila ma hannun firazikwantel take. Ita daga naman shanu da bai dahu ba take zuwa: tsire ko balangu mai kaurin yanka da ya ƙone a waje, cikinsa da sauran ja. Tana iya kai mita biyar zuwa goma a cikin hanji, kuma mai ita yakan gane ne idan ya ga fararen gaɓoɓi masu faɗi a bayan gida ko a wando, wani lokacin suna motsi. Ƙwaya ɗaya ta albendazol ba abin dogaro ba ce a kanta. Awon firazikwantel a nan ƙarami ne, miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo, wato mai kilo 60 ƙwaya ɗaya ta ishe shi, shi ɗin da zai sha huɗu in tsargiya ce. Idan kan tsutsar bai mutu ba za ta sake tofowa, don haka a sa ido har wata uku. Wanda yake da farfaɗiya ko ciwon kai mai tsanani da ba a san dalilinsa ba, kada ya sha wannan ko albendazol na kwanaki sai likita ya duba shi, saboda akwai irin tsilar da 'ya'yanta ke zama a ƙwaƙwalwa, kuma kashe su ba shiri yana tayar da kumburi.

Sauran da ke kan kanta ba sa buƙatar dogon bayani. Vermox, wato mebendazol, daidai yake da albendazol a kan macijin ciki, ya ɗan fi shi a kan mai siffar bulala, ya gaza masa sosai a kan mai ƙugiya. Combantrin da Ketrax suna aiki a kan macijin ciki, da nauyi ake auna su, kuma ba su kai albendazol faɗin aiki ba. Kada a haɗa Combantrin da fiferazin, aikin ɗaya yana warware na ɗaya. Flagyl kuwa ba maganin tsutsa ba ne sam, na atuni ne da wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani.

Mai kemis da ya san aikinsa ana gane shi tun kafin ya juya ga kanta.

"Malam, maganin tsutsa za a ba ni na yara uku."

"To Hajiya, shekarunsu nawa-nawa? Akwai wanda bai kai biyu ba? Me kika gani, tsutsa ce ta fito, ko susa yake da dare, ko fitsarin ne ya canza? In ke ma za ki sha, babu juna biyu ko?"

Tambayoyin nan ba su cin minti ɗaya, kuma su ne ke raba wanda zai tafi da albendazol da wanda za a tura gwajin fitsari. Ta ƙarshen tana da nauyi: ba a shan albendazol ko mebendazol a wata ukun farko na ciki, haka ma macen da al'adarta ta yi jinkiri ba ta tabbatar ba. Daga wata na huɗu zuwa sama ana bayar da ƙwaya ɗaya a wurin awon ciki, saboda ƙarancin jini. Mai shayarwa za ta iya shan ƙwaya ɗayar.

Kafin a biya, a juya kwalin a duba lambar NAFDAC, a duba ranar da zai lalace, a kuma tabbatar lambar da ke jikin kwali ita ce a jikin ledar da ƙwayar ke ciki. Ana so a ajiye maganin a inda zafi bai wuce digiri 30 ba, don haka wanda ya yini a faranti a kan mai talla a tasha da bazara, ko a bayan gilashin da rana ke duka, a bar shi ko da ya fi araha. Kuma muna jan kunne da babbar murya a kan albendazol na dabbobi, manyan ƙwayoyin nan da ake ɗura wa shanu da tumaki, waɗanda wasunsu ke kai miligiram 2,500. Sunan sinadarin ɗaya ne, amma ba don ɗan Adam aka yi su ba, kuma gutsurar su da ido ba awo ba ne. Albendazol da ya yi yawa yana taɓa hanta da ɓargon da ke yin jini.

Wani haɗarin da ba a cika magana a kai ba ya shafi masu shan sha-ka-fashe. Akwai wata siririyar tsutsa, Strongyloides a takardar gwaji, da ke iya hayayyafa a cikin jikin mutum ta yi shekaru ba ta fita ba, tana ɗan sa ciwon ciki da ƙaiƙayin fata. Idan mai ita ya fara shan deksametazon ko firednisolon, ko don ƙiba ko don ciwon gaɓoɓi, garkuwar jikinsa sai ta yi ƙasa, tsutsar ta bazu zuwa huhu da jini, kuma hakan yana kisa. Ƙwaya ɗaya ta albendazol ba ta isar mata. Maganinta aibamektin ne, maikirogiram 200 ga kowane kilo, kuma ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba.

Ga yaro lafiyayye da ake so a riƙa ba albendazol lokaci-lokaci, ba sai an yi gwaji ba. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, gwargwadon yawan cutar a yanki. Ƙarshen damina lokaci ne mai kyau, sannan wata shida bayan nan. Sha duk wata ɓarnar kuɗi ce, tunda macijin ciki kansa sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin ya girma. Kuma ƙwayar ba ta hana sake kamuwa ko na kwana ɗaya. Abin da ke hanawa shi ne masai mai murfi, zuba kashin yara a masai maimakon bayan ɗaki, takalmi, da wanke hannu da sabulu. Man goge hannu mai barasa ba ya kashe ƙwan macijin ciki, ruwan gishiri ma haka. Latas, kabeji da karas sai an wanke su ganye-ganye ana cuɗawa a ruwa mai tsabta ana canza ruwan, abin da ake ferewa a fere.

Wanda ya sha magani bai ji sauƙi ba, ko yake ramewa, ko yake ganin jini, gwaji ya kamace shi, kuma yadda aka kai samfurin shi ne rabin sakamakon. Bayan gida a ɗebo shi da ɗan cokalin da ke jikin murfin robar gwaji, kada ya haɗu da fitsari ko ƙasa, a kai shi cikin awa ɗaya. Tsutsa ba kullum take zuba ƙwai daidai ba, don haka sakamako ɗaya da ya ce babu komai bai wanke mutum ba, ana so a maimaita har sau uku a ranaku daban-daban. Yana da kyau a tambayi ɗakin gwajin ko suna tace samfurin su tattara ƙwan, ko shafa shi kawai suke yi a gilashi su leƙa a madubin likita, domin hanya ta biyu tana kuskure cutar da ba ta yi yawa ba. Fitsarin tsargiya kuma ba na asuba ake so ba. A kama shi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita, a tabbatar ɗigon ƙarshe ya shiga robar. Masu sa susa da dare ba a cika ganin ƙwansu a bayan gida ba, ana manna salatif ne a dubura da sassafe kafin wanka a kai a duba.

Bayan an sha albendazol ana iya jin ɗan ciwon ciki, tashin zuciya, ciwon kai ko sakin ciki na kwana ɗaya, musamman ga mai tsutsa da yawa, kuma yana wucewa da kansa. Abin da ba a jira a kai shi ne ƙaramin yaro da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana amai kore ko yana aman tsutsa, bayan gida da tusa sun tsaya. Macijin ciki kan dunƙule ya toshe hanji, ko ya shige hanyar matsarmama ya kawo ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da shawara. A irin wannan hali kada a ƙara masa ƙwaya, kada a ba shi maganin wankin ciki ko jiƙo, kada a ɗura masa abinci. A ɗauke shi nan take zuwa asibitin da ke da likitan tiyata, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, a tafi da kwalin maganin da aka ba shi, a kuma faɗi ƙarfe nawa ya sha.